Raelene Ta Ajiye Sandunan Kiɗa

Labarin ya iske Raelene Dobrowski ne a ɗakin wanka na gidan kula da tsofaffi da ke garin Burnie a tsibirin Tasmaniya, tana durƙushe tana goge wa Misis Pybus tsakanin yatsun ƙafa. Waya ta yi ta rawa a aljihun rigarta, ta tsaya, ta sake ɗauka. Raelene ba ta kula ba, don ba a ɗaga waya a bakin aiki, kuma tsohuwar ba ta son a bar mata ƙafa a jiƙe.

"Ke 'yar nan, wani na nemanki," in ji Misis Pybus. "Ko dai saurayi kika yi?"

"Wane saurayi, Mama? Mijin ma da ƙyar nake iyawa da shi."

Sai da ta sa mata safa, ta tura kujerarta mai taya gaban tagar da take son zama tana kallon jiragen da ke lodin katako, sannan ta shiga ɗakin ajiye zannuwa ta duba. Fenton Oakes ne, direban bas ɗin 'yan makaranta, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana kaɗa babbar jita a gefen gangunanta. Ta kira shi.

"Rae, kina zaune?"

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. An sa mu cikin 'yan takarar lambar yabo. Faifan kiɗan rok mafi kyau na bana, ɓangaren masu cin gashin kansu. Na ƙasa baki ɗaya fa, ba na Tasmaniya ba. A Melbourne za a yi bikin."

Raelene ta zauna a kan kwandon wanki. Ta jira ta ji farin ciki ya taso mata, amma abin da ya fara zuwa shi ne kafaɗarta ta dama, wadda ta soma zugi kamar ita ma ta ji labarin.

"Fen, ai mun daina," ta ce.

"To, ga alama ba wanda ya gaya musu."

Raelene 'yar garin ce gaba da baya. Mahaifinta ya yi aiki a masana'antar takarda har ranar da aka rufe ta, kuma shi ne mai buga babbar ganga a badujalar gari, wadda ke fita ranar tunawa da sojoji da ranar baje kolin amfanin gona. Tun tana ƙarama yake ɗora ta a kan akwatin lemo ya miƙa mata sanduna. Bai taɓa ce mata ta iya ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne, "Kada ki yi sauri, 'yata. Kowa zai yi sauri, ke ki riƙe su." Da ta girma ta watsar da badujala, amma wannan maganar ta zauna a hannunta.

Ita da Fenton da wani dogon yaro mai suna Cormac Teague suka haɗa ƙungiya a garejin uwar Cormac a unguwar Wivenhoe, da suka rasa sunan da za su sa mata sai suka ba ta sunan unguwar. Cormac ne mai waƙa, shi ke rubutawa, shi ke riƙe ƙaramar jita, kuma shi 'yan mata ke kallo. Ba kamfanin da ya taɓa ɗaukarsu. Su suke buga faifansu, su sayar a bakin ƙofa bayan wasa, su loda kaya a wata tsohuwar bas mai yoyon mai su tsallaka teku. Sun yi kiɗa a mashayar da masu sayar da giya suka fi 'yan kallo yawa. Sun kwana a ƙasan ɗakunan mutanen da ba su san sunansu ba. Akwai shekarar da gidan rediyon matasa ya riƙa sa wata waƙarsu safe da yamma, har suka ɗauka ƙofa ta buɗe, sai shekara ta juya aka koma kan wasu.

A cikin wannan yawon Raelene ta auri Graeme, direban tankar madara, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa gane me ake ji a kiɗan nasu ba amma bai taɓa fashin ɗaukar mata kaya ba. Cormac ya koma Melbourne, yana fentin gidaje da rana yana jiran duniya ta gane shi. Ita kuwa ta kama aikin kula da tsofaffi, tana ɗaga mutane daga gado da safe, ta ɗaga ganguna a ƙarshen mako. Kafin ta cika hamsin kunnuwanta suka fara wata ƙara siririya da ba ta ɗaukewa, likita ya ba ta na'urar ji guda biyu, ya ce in ta ci gaba da zama kusa da farantan tagullar da take bugawa tare da gangunan, wata rana ko kukan jikanta ba za ta ji ba.

Faifan da aka zaɓa ɗin, na sallama ne. A watan Yuli, tsakiyar hunturun Tasmaniya, suka ɗauke shi, a rumbun dankalin yayan Fenton, suna sanye da manyan riguna, hayaƙi na fita daga bakinsu. Da suka gama waƙar ƙarshe Cormac da kansa ya ce, "Shi ke nan, mu rufe a nan. Ba sanarwa, ba kuka." Suka sha shayi a kofin roba, kowa ya kama gabansa. Raelene ta kai gangunan ɗakin baya ta lulluɓe su da tsohon bargo, kuma ranar Asabar ta farko da ta tashi ba wasa a gabanta, ta yi ta zaune a baranda har rana ta take, ba ta yi komai ba, ta ji daɗin da ta manta akwai irinsa.

Yanzu ga shi an taso da maganar.

Kafin mako ya fita jaridar gari ta buga hotonsu, wani tsoho da aka ɗauka suna da ƙuruciya. Mai sayar da nama ya ƙara mata tsoka ya ce, "Ashe da manya muke zaune ba mu sani ba!" A wurin aiki aka manna hoton a jikin firji, abokan aikinta suka riƙa kiranta tauraruwa duk sanda aka ce a je a kwashe fo. Wata 'yar jarida ta kira daga Sydney, ta yi mata tambayoyi masu yawa, kuma duka a kan Cormac: yaya yake lokacin yana yaro, me yake nufi da baiti kaza, shin gaskiya ne a kan mahaifinsa ya yi waƙa ta uku? Da labarin ya fito, an rubuta sunanta ba daidai ba. Ba ta ji haushi ba, ta dai lura.

Graeme ne ya fi kowa murna. Ya je ya sayo sabuwar riga mai maɓalli, ya rataye a ƙofar ɗaki.

"Kai da ba ka san waƙa ko ɗaya ba," ta ce masa.

"Na san nauyin kowace ganga. Wannan ma ai sani ne."

Masu shirya bikin suka aiko cewa kowace ƙungiya za ta yi waƙa ɗaya, don haka Cormac ya hawo jirgi ya zo a yi gwaji. Ya shigo rumbun dankalin da baƙar riga da baƙin tabarau, gashinsa ya yi baƙi fiye da yadda Allah ya bar shi.

"Mac, wane fenti ka shafa a kai?" in ji Fenton. "Ragowar na gidan mutane ne?"

"Kai dai ja bakinka, direban 'yan makaranta. Tumbinka ma ya kusa kaɗa jitar da kansa." Ya juya ya rungume Raelene. "Tsohuwa! Kin ga abin da nake gaya muku tun muna yara? Lokacinmu ne ya zo a makare."

"Ya makara ƙwarai. Kafaɗata ma ta riga ta tafi gida."

Suka yi dariya, suka fara. Hannu bai manta ba. Daga bugun farko komai ya koma wurinsa, Cormac na neman gudu kamar kullum, ita tana riƙe shi. Amma kafin su maimaita waƙar sau uku, zugin ya gangaro daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, sandar ta suɓuce ta faɗa cikin buhun dankali. Cormac bai gani ba, yana can yana lissafa garuruwan da za su je in sun ci. Fenton ne ya ɗauko ya miƙa mata.

Suka tsallaka a jirgin ruwa na rana, su huɗu da bas ɗin Fenton cike da kaya. Teku ta yi fushi, Graeme ya yini a banɗaki yana amai, ita kuwa ta zauna kusa da taga da jakar ƙanƙara a kafaɗa tana kallon ruwan toka. Ta rasa adadin tsallakawar da ta yi a kan wannan ruwa da wannan kaya. A da tana zumuɗin isa, yanzu tunaninta yana kan wanda zai yi wa Misis Pybus wanka, ko zai san ba ta son ruwa ya taɓa mata kunne.

Ɓangarensu ba ya cikin waɗanda ake nunawa a talabijin. Da la'asar ake bayar da shi, a wani ƙaramin zaure na gefe, yayin da ma'aikata ke shimfiɗa jar darduma a babbar ƙofa don manyan baƙin da za su zo daga baya. Wani mai tsaron ƙofa ya tare Raelene ya nuna mata hanyar masu kawo abinci, sai da Graeme ya nuna masa katin da ke wuyanta. Sauran 'yan takarar duk yara ne da ta isa ta haifa, suna yawo da wanduna masu faɗi, suna gaishe ta da ladabin da ake yi wa uwar aboki.

Da aka kira Wivenhoe ta ciro na'urorin kunnenta ta sa a aljihu, ta toshe kunnuwan da roba, ta zauna. Ta yi kiɗan da kyau, ta san ta yi. A tsakiyar waƙar akwai wurin da komai ke tsayawa sai ganga kaɗai, kuma a nan ta ga kawunan yaran nan suna kaɗawa tare, ta ji wani abu mai ɗumi ya ratsa ƙirjinta. Bai daɗe ba zugin ya kore shi. Ta ƙarasa da haƙoranta a datse.

Suka koma teburinsu. Saboda zugin hannu ta kasa buɗe maɓallin aljihun da ta sa na'urorin, sai ta haƙura ta bari. Don haka lokacin da wata mata mai doguwar riga ta buɗe ambulan ta yi magana, Raelene ba ta ji komai ba sai ƙarar kunnenta da wani gunji daga nesa. Fuskar Cormac ta kalla. Ta ga murmushin da ya shirya ya tsaya a inda yake, sannan hannuwansa suka ɗago a hankali suka fara tafi. A can gefe wasu 'yan mata uku suka yi tsalle suka ruƙunƙume juna. Raelene ta tafa musu da hannu ɗaya a kan cinya, kuma abin da ta ji a ranta, wanda ba ta gaya wa kowa ba a lokacin, shi ne sauƙi.

Rana ba ta faɗi ba suka fito. Suka sami wani ɗan shagon taliyar 'yan Biyetnam a bayan layi suka zauna, Graeme da sabuwar rigarsa, Fenton ya kwance ɗamarar wuya. Cormac ya makara, da ya shigo kuwa idonsa na ƙyalli kamar ba shi aka kayar ba. Wani mai shirya wasanni ya tare shi a ƙofa, ya ce yana son Wivenhoe su riƙa buɗe wa 'yan matan da suka ci wasa a zagayen da za su yi na ƙasa, daga Perth har Cairns, bazara guda cur.

"Zaure cike kowane dare," in ji shi. "Otel fa, Rae, ba ƙasan ɗakin wani ba. Har masu ɗaukar kaya za a ba mu."

Raelene ta gama sa na'urorinta, ta juya cokali a cikin romo.

"Ba da ni ba, Mac."

"Ke dai gajiya ce. Ki yi barci, gobe ma yi magana."

"Gajiya ce, gaskiyarka. Amma ba irin wadda barci ke ɗaukewa ba. Kai ka ce mu rufe, a rumbun dankali, da bakinka. Ni na rufe."

"Lokacin ba wanda ke nemanmu!"

"Ni ba don ba a nemanmu na yarda ba."

Cormac ya cire tabarau ya ajiye. Ba tare da su ba, shekarunsa suka fito fili.

"Ke kina da gida, kina da wannan bawan Allah, kina da tsofaffinki. Fen yana da bas ɗinsa. Ni in na ajiye wannan, me ya rage? Tsoho a kan tsani da gwangwanin fenti?"

"Ban ce ka ajiye ba. Nemi wani mai ganga. Garin nan cike yake da su, kowanne da kafaɗu biyu lafiyayyu."

"Haka kawai? Shekara nawa muna tare, ki ce in nemi wani kamar taya ce ta fashe?"

Ta gane so yake ta yi faɗa, ta ce ba wanda ya isa ya hau kujerarta. Ta duba cikinta ta ga babu wannan faɗan, ya ƙare tuntuni ba ta ma san ranar ba.

"Haka kawai," ta ce. "Ci taliyarka kafin ta huce."

Bai ci ba. Ya ɗauki tabaransa ya fita. Fenton ya bi bayansa da kallo, ya jawo kwanon Cormac gabansa ya ce ai ba a bar abinci ya lalace ba. Graeme ya ɗora hannu a bayan matarsa, can ƙasa inda ba ya ciwo.

Cormac ya daina kiranta. Daga bakin Fenton ta ji an sami wata mai ganga 'yar garin Geelong, kuma Fenton ɗin ma ya ɗauki hutu ya bi su, yana ba ta haƙuri kamar ya ci amanarta. Ta ce masa ya je, ya dai riƙa cin ganye ko sau ɗaya a mako. Ta koma bakin aikinta. Hoton jikin firji ya naɗe a gefe, wani ya manna sanarwar allurar mura a kansa. Lokaci-lokaci Graeme kan nuna mata bidiyon wasansu a waya, ta kalla kaɗan ta ce yarinyar ta iya, sai dai tana barin Mac yana janta da gudu. Wani lokacin abin yakan ɗan sosa mata rai, musamman in ta ji waƙarsu a rediyon mota, amma bai taɓa kai ta ga ɗage bargon nan ba.

Da kaka ta shigo aka yi mata aikin kafaɗa a asibitin Launceston. Washegari da hantsi tana kwance, hannu a rataye, kanta na juyawa da magani, sai ga Cormac a bakin ƙofa da abarba guda a hannu, ko jaka babu. Ya rame, furfura ta fito a gindin gashin, muryarsa ta dushe.

"Abarba, Mac? Da wane hannun zan fere ta?"

"Ita kaɗai na gani a hanya. In ba kya so ki ba likita."

Ya ajiye ta a kan durowa, ya zube a kujerar da ke gefen gado. Ya ce jiya suka yi wasan ƙarshe a Hobart, ya tuƙo tun da asuba. Ta tambaye shi yadda zagayen ya kasance. Ya ce an cika, an yi tafi, yaran kirki ne, suna kiransa kawu. Ya ce a Adelaide muryarsa ta ɗauke a tsakiyar waƙa, a Darwin kuma gwiwarsa ta kumbura sai a zaune ya yi wasa. Otel ɗin ma, in ji shi, duk kamarsu ɗaya, har mutum ya farka bai san garin da yake ba.

"Za ka sake?"

"Sun ce baɗi. Na ce musu to." Ya murza idanu. "Me zan ce musu, Rae?"

Ya gyara zama a kujerar. Ya fara ba ta labarin yadda Fenton ya ɓata a filin jirgin Brisbane, yana cikin bayarwa maganar ta riƙa ja, kansa ya kwanta a jikin bango, bakinsa ya ɗan buɗe. Da ma'aikaciyar jinya ta shigo da abincin rana ta gan shi, ta ce lokacin ziyara ya wuce, ko a tashe shi?

"Ƙyale shi, 'yar'uwa," in ji Raelene. "Daga nesa yake."

Ta sa aka ja labule don kada rana ta haska masa fuska, ta jawo tiren da hannun hagu, ta fara koyon riƙe cokali da shi.